Shekarar da Muka Yanke Ciyawar Saura

Bana ruwa ya yi mana yadda ya kamata, har ya so ya wuce gona da iri. Bara kuwa ba mu samu na kirki ba, gero ya tsaya iya gwiwa ya yi ja ya bushe. Yanzu in ka fita bayan gidana a nan Kalgo, kyasuwa ta kai ƙirjin mutum, ƙarangiya kuma ba ta barin wando ya wuce lafiya. Shekaranjiya da safe na je duba 'yar gonar da nake taɓawa don kar gaɓoɓi su sandare, sai na ga ramin ɓera har uku a gindin kunya ɗaya, ƙasar bakinsu ɗanya sharaf. Na daɗe a tsaye a wurin. Wani mai jaki ya yi mini sallama sau biyu kafin na amsa masa.

Autata Asma'u ce ta ƙara tono mini abin. Tana shekarar ƙarshe a jami'a, lissafi take karantawa, wai gadona ta yi, ko da yake ni iyakata koya wa 'yan firamare sau da rabawa har na yi ritaya. Aikin kammalawar da aka ba ta a kan ɓeraye ne. Da ta faɗa mini na yi dariya, na ce ashe shekara huɗun nan duk ɓera kike bi. Ta buɗe kwamfutarta ta nuna mini layi biyu. Kore na ciyawa ne, yana tashi in ruwa ya sauka, ya faɗi in rani ya shigo. Ja na ɓera ne, yana biye da koren a baya-baya. Ta ce in aka yi fari, sannan shekarar da ta biyo ta zo da ruwa sosai, jan layin nan tsalle yake yi. Na ce to in ciyawar ta ƙare fa? Ta ce ai sai ya sauko, mutuwa suke yi.

Na ce, “Kafin su mutu, ina suke zuwa?”

Ta ce wannan bai shiga lissafinta ba tukuna. Na ce mata ni ma bai shiga nawa ba. Ta ɗauka tsokana ce irin tawa, ta yi dariya ta rufe kwamfutar. Ni kuwa ban taɓa ba 'ya'yana labarin ba, sai yanzu da na zauna nake rubuta shi.

Ƙauyenmu yana gefen Kambaza, a ƙasar Gwandu. Mahaifina ba shi da sarauta, ba shi da dukiyar da za a nuna, amma shi ake tambaya ranar shuka. In ruwan farko ya sauka, sai ya tona ƙasa da hannu ya ga iyakar inda lema ta kai, in ya ce a dakata kowa ya dakata. Ni ne ɗansa na fari, saboda haka tsakaninmu kunya ce zalla. Bai taɓa kiran sunana ba, haka ma Inna. Ina yaro “yaron ga” nake, da na gama makarantar horon malamai aka turo ni Kalgo sai na koma “Malam”. Ban taɓa jin ya yabe ni ba, ban kuma taɓa cin abinci ƙwarya ɗaya da shi ba. Mu goma sha huɗu muke ci daga rumbunsa, har da matar ƙaninsa da ya rasu da 'ya'yanta.

Shekarar da ta gabaci wadda nake magana fari aka yi. Mun sha wuya, amma irin wuyar da kowa ya san daga Allah take, ba mai kallon wani. Aka sayar da awaki, aka ci dusa, aka lallaɓa. Da damina ta zagayo sai ruwa ya zo kamar an buɗe masa ƙofa. Na dawo gida dogon hutu na tarar da gero ya yi baƙi-ƙirin don kyau, ganyensa faffaɗa, in iska ta kaɗa sai ka ji gonar tana shuu. Mutanen da suka shekara ba su yi dariya ba suka fara tsokanar juna a bakin masallaci. Inna har ta soma lissafa bukukuwan da aka ɗage.

Gabas da gari akwai wata babbar saura, wato gonakin da aka bari su huta, ta miƙe tsakanin gonarmu da gonakin wasu gidaje shida. A shekarar nan ciyawarta ta fi ƙarfin misali. Gamba, kyasuwa, harkiya, burburwa, duk sun haɗe, akuya in ta shiga sai dai a bi kukanta. Kuma akwai doka a kanta tun kakanni: ba a sa mata lauje, ba a sa mata wuta, sai hatsi ya shiga rumbu. In ka tambayi dalili sai a ce haka aka tarar. Wasu su ce don shuci ne na rufin ɗaki, wasu su ce don shanun Fulani. Ni da na yi boko, nan da nan na sa ta a layin camfi.

A bakin saurar nan na fara lura da ramukan ɓera, mu can kusu muke cewa. Ina da shekara ashirin da huɗu, ga hutu, ga littafi da fensir, ga kuma ɗokin in nuna cewa karatun nan ba na allo da alli kaɗai ba ne. Sai na auna taku hamsin a gefen gonarmu, na kafa tsinke a farko da ƙarshe, kowace Juma'a da hantsi in je in ƙirga ramukan da ke tsakani. Makon farko bakwai. Na biyu goma sha ɗaya. Kafin wata ya cika sun haura talatin. Na tona wasu na ga 'ya'ya jajaye, makafi, wani rami takwas, wani goma sha biyu. Na zauna a zaure na yi ta ninkawa. Uwa ɗaya ta haifi kaza, rabinsu mata, su ma nan da ɗan lokaci su haihu. Na zana layi a takarda, layin ya tashi ya fita ta saman shafi, sai da na liƙa wata takardar.

Daga nan na tambayi kaina me ke ciyar da su. Na duba bakin ramukan, ba komai sai ɓawon 'ya'yan ciyawa. Shi ke nan, na ce na gano. Ciyawa ce ke haifar da kusu. Har yanzu ba ta gama nuna ba. In aka yanke ta kafin 'ya'yanta su ƙosa, abinci ya yanke, haihuwa ta tsaya, layina ya faɗo ƙasa kafin girbi. Na sake lissafin sau uku, sau uku yana ba ni amsa ɗaya. Har yau in ka ba ni takardar nan ba zan samu kuskure a ninkawa ko ɗebewa ba. Kusun cikin littafina dai masu ladabi ne, inda na ajiye su nan suke zama har yunwa ta kashe su.

Da ina da hankali, da na sami Baba shi kaɗai a gona na faɗa masa. Amma ɗan fari ba ya zama hira da ubansa, kuma gaskiyar magana, so nake a ji ni. Ranar Juma'a bayan la'asar, dattawa na zaune a kan tabarmi a gindin bedin masallaci, wato darbejiya, na durƙusa na gaishe su, na ce ina da magana. Ban taɓa buɗe baki a wannan zama ba. Na share ƙasa da tafin hannu, na ɗauki kara na zana musu layin. Na ce yau kusu kaza ne, nan da girbi za su zama kaza, in ba a yanke ciyawar saura cikin makon nan ba, ba mai kai dami gida. Lambobin sun fito daidai, kuma kowa a wurin ya ga ramukan da idonsa.

Tsoho Arzika, wanda ya girmi kowa, ya gyara zama ya ce shi dai tun da ya yi wayo bai ga an taɓa ciyawar nan ba hatsi na tsaye. Na ce masa, cikin ladabin da ya fi rashin kunya ciwo, ai da can ba a yi lissafi ba. Wasu suka yi murmushi. Sai duk aka juya ana kallon Baba.

Ya daɗe yana duban zanen da na yi a ƙasa. Bai dube ni ba. Can ya ce, “Malam ya yi magana. A yi gayya ran Lahadi.”

Ban taɓa jin daɗi irin na ranar nan ba, kuma ina jin kunyar faɗin haka.

Gayyar ta yi kyau, wannan ba zan ɓoye ba. Tun da sanyin safiya aka fito, maza sun fi arba'in, kowa da laujensa, mai ganga yana biye yana kiran sunan kowa da na ubansa. Raɓa ta jiƙa mu har wuya. Ƙanshin ɗanyar ciyawa ya cika wurin, ƙaiƙayi ya kama hannuwa, kyasuwa tana yanka yatsu ba ka ji sai ka ga jini. Mata suka kawo kunu a manyan ƙore, tsararo ne don ba hatsi, amma aka sha ana barkwanci. An kashe macizai huɗu. Kusu kuwa suna ta fita ta tsakanin ƙafafunmu, ana bin su da sanda ana dariya. Na ga inda suke nufa. Da idona na ga suna tsallake iyaka suna shiga cikin gero, na ce a raina ai gudun tsoro ne, za su dawo. Kwana uku muka yi muna yanka. Aka samu rana ta kwana huɗu, tarin ciyawar ya sha iska, aka bi shi da wuta. Saura ta koma fili fetal, baƙi, kana hango ƙarshenta daga bakin gari.

A lokacin gero ya fitar da kai, ya yi ƙwaya, ana gab da fara cin tumu. Kwana biyar bayan wutar, ƙanena ya dawo daga gona da safe riƙe da zangarniya uku, ya ajiye gaban Baba. An gaigaye su tas, sai sanda. Muka tafi tare. Ƙasan kowane kara fari fat da ɓawon gero, kamar an zubar da dusa. Ban taɓa sanin kusu na hawa kara ba sai ranar. Da rana tsaka, muna tsaye, kana ganin zangarniya tana lanƙwasa, ka duba ka ga biyu ko uku a kanta, ko gudu ba sa yi. Gonar da ke shuu in iska ta kaɗa, yanzu wani ƙas-ƙas-ƙas take yi ko ba iska.

Ba abin da ba mu yi ba. Muka binne tukwane da ruwa a ciki, da safe a kwashe su cike. Muka kai karnukan gari, suka ci har suka ƙoshi suka kwanta suna kallo. Muka bi ramuka da ruwa da hayaƙi. Baba ya ce a girbe ko bai gama ƙosawa ba, muka girbe, to gero a kwance ya fi musu sauƙi. Muka kafa gadaje na itace muka ɗora, suka hau. Tafin hannuna ya fashe, ban damu ba, so nake ma ya fi haka ciwo. Gonar da Baba ya sa ran dami sittin, tara muka ɗaure, su ma rabinsu ƙaiƙayi. Gidaje shidan da ke bakin saura ba wanda ya fi mu.

Na yi ta faɗa wa kaina annoba ce, ko an yanke ko ba a yanke ba haka za ta kasance. Sai ranar kasuwa na haɗu da wani abokin karatuna daga wajen Maruda. Na tambaye shi kusu. Ya ce akwai su kamar ƙasa, sun yi ɓarna a gefe-gefen gonaki, amma yawancinsu suna cikin ciyawa suna ta fama da 'ya'yanta, kafin su waiwayi hatsi an kai gida. Ya ce su ai ba sa taɓa saura sai an gama. Na ce masa haka ne, na yi masa sallama, na zaga bayan rumfunan masu gishiri na tsuguna. A nan na gane abin da kakanninmu suka tarar. Ciyawar nan akushin kusu ce, ana bar musu ita su shagala har a kwashe hatsi. Ni kuma na zo da fensir na kife akushin.

Ba wanda ya zage ni, kuma da an zage ni da na fi samun sauƙi. Iyaka in na doso gindin bedi sai hira ta canza. Sau ɗaya wani daga cikin masu gonakin ya fara cewa ai ɗan boko ne ya jawo, Baba ya katse shi. Ƙanena ne ya ba ni labari. Ya ce Baba ya ce, “Ni nac ce a yanke. Wanda duk ka neman mai laihi, ga ni.” Daga ranar ba a ƙara ambatona ba. Hutu ya ƙare na komo Kalgo, na tsaya gaban allo ina koya wa yara ninkawa, alli yana yi mini nauyi.

Da rani ya shiga sai kusun suka fara mutuwa. Ko'ina gawarsu, a rijiya, a bayan ɗaki, a cikin rumbun da ba komai, gari ya ɗauki wari har shanu ba sa son bi ta wurin. Layina ya faɗo ƙasa kamar yadda na zana, bai yi ƙarya ba, wata huɗu kawai ya makara.

Duk ƙarshen wata nakan je gida, kuma kowane zuwa sai na ga an rage wani abu. Da farko tuwo da dare, kunu da safe. Sai aka bar kunun ga yara kaɗai. Sai tuwon ya koma na dusa, Inna tana haɗa shi da busasshiyar tafasa don ya yi auki. Dami taran nan ita ke buɗe su, zangarniya-zangarniya take zarowa, ta sussuka a turmi a hankali don kar ƙwaya ɗaya ta yi tsalle. Ƙannena mata suka koma bin ramukan gafiya da fartanya, don ita tana tara abinci. Wani lokaci su samo cikin tafi biyu na geronmu, yana warin fitsari, a wanke shi sau uku a shanya a daka. Na ci tuwon da aka yi da shi. Ba a rufe ɗaki ko ɗaya ba a shekarar, don shucin da za a yi rufin mun ƙone shi da hannunmu.

Albashina ba wani abin kirki ba ne, kuma ba kullum yake zuwa a kan kari ba, amma duk abin da na samu hatsi nake saya in kai. Sai na lura ba ya daɗewa. Na tambayi Inna, ta kau da kai ta ce in tambayi mai gidan. Ƙanena ya faɗa mini. Duk buhun da na kawo, Baba sai ya kasa shi bakwai, kashi ɗaya namu, shida na gidajen da ke bakin saura. Ya ce da bakinsa suka yanke ciyawa, ba zai ci su suna kallo ba.

Azumi ya kama a tsakiyar bazara. Wanda bai yi azumi a irin zafin nan da rumbu wayam ba, ba zan iya kwatanta masa ba. Iska in ta buso kamar daga bakin murhu, ƙasa ba ta takuwa, kafin azahar harshe ya manne. Yanzu jikokina suna buɗa baki da ƙanƙara suna ƙorafin ba ta yi sanyi ba, ni dai in dube su kawai. Wata ranar Laraba, an tashi makaranta, na biyo ta bakin fadama da wasu ɗalibaina a bayana. A lokacin ana kaftu, wato saran busasshiyar fadama da ƙatuwar fartanya kafin ruwa ya zo a shuka shinkafa. Aiki ne na 'yan ƙwadago, samari majiya ƙarfi, don ƙasar tauri gare ta kamar dutse. Na hango su a jere, su goma sha wani abu. Na ƙarshen layin ya fi sauran jinkiri. Yadda yake ɗaga fartanya yana ɗan karkata kafaɗar hagu, ko cikin mutum dubu na san shi.

Baba ya haura sittin. Bai taɓa yi wa wani noma don lada ba. Kwanansa tara a Kalgo, yana kwana a zauren mai gonar tare da sauran, bai aiko mini ba.

Na sauka cikin fadamar da takalmina na makaranta, na durƙusa a gabansa. Leɓɓansa sun farfashe, gishirin zufa ya yi fari a wuyan rigarsa. Na kama ƙotar fartanyar na ce ya ba ni. Bai saki ba. Ya dubi yaran da ke tsaye a bakin hanya, ya rage murya.

“Tashi, Malam. Ɗiyan mutane na kallon ka.”

Na roƙe shi ya dawo ɗakina, ya ƙi, ya ce malamin makaranta ba ya ajiye ɗan ƙwadago. Iyakar abin da ya yarda da shi, in kawo masa abin buɗa baki. Kullum kafin magariba sai in zo da kunu a kwano, mu zauna a gindin wata giginya, shi yana fuskantar gabas ni ina gefe. Ranar farko da aka kira salla ya sha, ya miƙo mini sauran. A rayuwata wannan ne karo na farko da muka sha abu a kwano ɗaya. Rana ta huɗu na tattara ƙarfin halina na ce, Baba, maganar ciyawar nan. Ya ce in sha kununa kar ya huce. Ban sake tayar da ita ba, shi ma haka, har aka ga wata.

Bayan salla ya koma gida da buhu biyu na shinkafa shanshera, wadda ba a casa ba, da tari a ƙirji. Shinkafar ma bakwai ya kasa ta. Tarin ya ƙi tafiya, ƙafafu suka kumbura. Ranar da ruwan farko ya sauka ina gida. Rufin ɗakinsa yana yoyo ta ko'ina, muka yi ta jan tabarmarsa daga wannan kusurwa zuwa waccan, Inna tana tara ƙore. Da aka ɗauke ya ce a ɗebo masa ƙasar gona. Ƙanena ya tono mai zurfin kamu ɗaya ya kawo a ƙwarya, ya murza ta a yatsunsa, ya ce a shuka. Mutane suna tsaye a ƙofar gida suna jiran abin da zai ce, kamar kowace shekara, har da masu gonakin bakin saura. Ya rasu ba a gama noman farko ba.

Daminar ta yi kyau. Kusu ko na magani babu. Na nemi izini a makaranta na zo aka yi girbi da ni, muka ɗaure dami har igiya ta ƙare. Ranar da aka gama kai hatsi gida, da hantsi, na shiga na tarar da Inna ita kaɗai a tsakar gida tana dama furar sabon gero. Ta rame, takaba ta bar mata wani shiru da ba ta da shi da. Na tsuguna nesa kaɗan kamar yadda na saba. Abin da na kasa faɗa wa Baba ya taso mini, na ce mata ta yafe mini, ni na kashe shi. Na ce ya yarda da lissafina ne don bai san boko na kuskure ba, da ya san abin da zai biyo baya da bai bari ba.

Ta ci gaba da damu kamar ba ta ji ba. Sai da ta gama ta ajiye ludayi, ta dube ni ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba.

“Kai kana zaton bai sani ba?”

Ta ce ranar Juma'ar nan da ya dawo daga masallaci, a bakin ƙofa ya zauna, ta kawo abinci bai taɓa ba. Ta tambaye shi lafiya. Ya ce mata an sa gayyar yankan saura. Ta ce, da hatsi tsaye? Ya ce e. Ya ce ciyawar nan ita kusu ke ci, tun yana yaro ubansa ya nuna masa, in aka yanke ta gona za su shiga. Shi dai fatansa su tsaya a gefe-gefe, a yi asarar da za a iya ɗauka. Ta ce masa to don me ka yarda, kai da in ka ce a'a ba mai ƙarawa?

Inna ta goge bakin ƙwaryar da yatsa. Sannan ta faɗa mini amsarsa, da irin muryarsa.

“Yaron ga yau yaf fara magana gaban mutane. In na ƙaryata shi, ba ya ƙara buɗa baki garin ga. Hatsi kau ana samun wani baɗi.”

Ta miƙo mini furar. Na karɓa da hannu biyu, na riƙe ta har gari ya kwanta ruwa ya taso sama, ban iya kai ta baki ba. Ta bayan kafaɗarta ina ganin rumbunmu biyu, an cika su har an rasa inda za a sa sauran, an jingine dami a bango har bakin zaure. Hatsin baɗin ke nan da ya ce za a samu, an kuwa samu, shi ne dai bai ci ko ƙwaya ɗaya ba. Ni kuma da ya yi duk wannan don bakina, shekara arba'in ke nan ina zuwa ƙauyenmu taron suna ko jana'iza, in zauna a gefen tabarma, in aka ce Malam me ka gani, sai in ce duk yadda kuka yi daidai ne.